Mulki da shari'a a tsohuwar Rum: wa ke da iko, kuma me talaka ya samu?

Duk sanda aka samu taƙaddama tsakanin majalisar dattawa da fadar shugaban ƙasa, ko lauyoyi suka fito daga kotu suna ta jefa kalmomin Latin da ba wanda ya gane, sai ka ji maganar Rumawa ta taso. Wasu su ce ai can aka haifi dimokuraɗiyya da bin doka, wasu kuma su ce ina, daula ce ta bayi da sarakuna masu jefa mutane gaban zakuna, wace doka za a koya a wurinsu. Kowane ɓangare yana da hujjar da ya riƙe, matsalar dai ana haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Tsarin mulkin Rum daban, dokar da alƙalansu ke shari'a da ita daban, kuma ba lokaci ɗaya suka yi tashe ba. Tsarin zaɓe da majalisa ya rasa ƙarfinsa tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ita kuwa dokar sai bayan nan ne ma ta nuna sosai, a ƙarƙashin sarakunan da ba mai iya ce musu a'a.

## Wace Rum ɗin ake nufi?

Rum birni ne a Italiya a bakin kogin Tiba, kuma su Rumawan da kansu sun ce an kafa shi a shekara ta 753 kafin miladiyya. A lura, shekarun kafin miladiyya baya-baya ake ƙirga su, wato 509 ta riga 287 zuwa. Zamani uku ake raba tarihinsu. Na farko zamanin sarakunan birni, wanda aka ce su bakwai ne. Na biyu zamanin jamhuriya, daga 509 zuwa 27 kafin miladiyya. Na uku zamanin manyan sarakuna masu laƙabin Kaisar, daga Agustus zuwa gaba.

Rumawan da aka ambata a Suratur Rum, da Hiraƙla wanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, su ne ɓangaren gabas na daular, babban birninsu Ƙusɗanɗiniyya wato Istanbul ta yau, kuma galibinsu Girkanci suke yi. Ɓangaren yamma inda birnin Rum ɗin yake ya faɗi tun 476 miladiyya, su na gabas kuwa sun kai har 1453. Amma dokar ɗaya ce, su na gabas ne ma suka tattara ta a littafi.

## Tsarin da aka gina a kan tsoron sarki

Bayan sun kori sarkinsu na ƙarshe Tarkwiniyus a 509, manyan gidajen Rum suka yanke cewa ba za a sake barin mutum ɗaya ya riƙe iko shi kaɗai ba. Sai suka raba ikon sarki ga mutum biyu da ake kira konsul, wa'adinsu shekara ɗaya tak, kuma kowannensu yana iya hawa kujerar naƙi a kan abin da ɗan'uwansa ya yanke. Su ke jagorantar yaƙi, su ke kiran majalisa. Kowane konsul dogarai goma sha biyu ke tafiya gabansa ɗauke da damin sanduna da gatari a tsakiya, amma da an shigo cikin birni sai a cire gatarin, alamar cewa a nan ba shi da ikon sare kan ɗan ƙasa ba tare da an ba shi damar ɗaukaka ƙara gaban jama'a ba.

Ƙasa da konsul akwai fireto mai kula da shari'a, da masu kula da kasuwa da tituna, da masu kula da baitulmali. Sai masu ƙidaya guda biyu da ake zaɓa duk bayan shekara biyar, su ke rubuta dukiyar kowa, kuma suna iya goge sunan mutum daga majalisa in halinsa ya ɓaci. In kuma bala'i ya taso ana naɗa dikteta mai cikakken iko, amma wata shida ne iyakarsa.

Majalisar dattawan ce dai abin da aka fi rikita shi da namu. Sanatocin Nijeriya 109 zaɓarsu ake yi duk shekara huɗu kuma su ke yin doka. Na Rum ba a zaɓarsu kai tsaye, tsofaffin masu muƙami ne wajen mutum 300, daga baya aka kai su 600, kuma in ka shiga ka shiga kenan har mutuwa sai dai in an kore ka. A ƙa'ida ma shawara kawai suke bayarwa, ba doka ba. To amma kuɗin gwamnati a hannunsu yake, su ke karɓar jakadu, su ke raba larduna, sannan konsul ɗin da zai sauka bayan wata goma sha biyu ya koma ya zauna cikinsu har ƙarshen ransa ba zai so ya ɓata da su ba. Wani abin kuma, duk wannan tsarin babu wani kundi guda da aka rubuta shi a ciki, yawancinsa al'ada ce da suke kira hanyar magabata, kuma wannan zai dawo ya cije su daga baya.

## Yajin aikin talakawa da Alluna Goma Sha Biyu

A farkon jamhuriya muƙamai da limancin gumaka da sanin doka duk suna hannun wasu 'yan gidaje masu asali. Sauran jama'a, waɗanda a nan za mu ce musu talakawa ko da yake akwai masu kuɗi sosai a cikinsu, su ne ke zuwa yaƙi su dawo su tarar gona ta lalace bashi ya hau kansu. A 494 sai suka tattara suka fice daga birnin suka yada zango a kan wani tudu, suka ce ba mai sake ɗaukar mashi. Dole aka sasanta, aka ba su wakilai nasu da ake kira tiribun, waɗanda daga baya suka kai goma. Tiribun yana iya tsayar da duk wani mataki na mai muƙami, kuma talakawa sun yi rantsuwa duk wanda ya taɓa lafiyarsa jininsa ya halatta. Ƙofar gidansa a buɗe take dare da rana don mai neman ceto.

Buƙata ta gaba ita ce a rubuta doka, don a lokacin wanda ya san ta shi ne kuma ke yanke hukunci da ita. A 451 zuwa 450 wani kwamitin mutum goma ya rubuta abin da ake kira Alluna Goma Sha Biyu aka kafe su a dandalin birni. In ka karanta gutsattsarin da suka rage za ka ga doka ce ta manoma, kuma ba ta da wani tausayi. In an yi maka sammaci ka tafi, in ka ƙi mai ƙara ya kira shaida ya kama ka da hannunsa, in tsoho ne kai ko mara lafiya ya kawo maka dabbar hawa. Ɓarawon dare in aka kashe shi ba laifi. Wanda ya karya wa ɗa ƙashi ya biya kuɗin tagulla 300, in bawa ne 150. Uban da ya sayar da ɗansa sau uku, ɗan ya fita daga ikonsa.

Maganar bashi ta fi tsanani. Bayan hukunci ana ba ka kwana 30, in ba ka biya ba mai bin bashi ya kai ka gidansa ya sa maka sarƙa har kwana 60 yana ba ka ɗan hatsi, a fito da kai ranar kasuwa sau uku ana shelar kuɗin ko wani zai fanshe ka, in ba a samu ba a sayar da kai ƙetaren kogin Tiba ko a kashe ka. Kenan abin da talaka ya samu a Allunan nan ba sauƙi ba ne, sanin iyaka ne, ya san kwana nawa ne kuma nawa ne, ba wanda zai ƙara masa daga baki. Sauƙin a hankali ya zo: a 445 aka halatta aure tsakanin ɓangarorin biyu, a 367 aka buɗe wa talakawa kujerar konsul, a wajajen 326 aka hana bautar da ɗan ƙasa saboda bashi, sannan a 287 aka ce duk abin da taron talakawa ya zartar ya zama doka a kan kowa.

## To dimokuraɗiyya ce ko ba ita ba ce?

A nan masana suka rabu. Jama'a ne ke zaɓen masu muƙami, su ke amincewa da doka, su ke amincewa da yaƙi, wannan gaskiya ne. Amma duba yadda ake ƙirga ƙuri'ar. A taron da ke zaɓen konsul an kasa mutane rukuni 193 bisa dukiyarsu, kowane rukuni ƙuri'a ɗaya. A tsarin farko mahaya dawaki suna da 18, masu dukiya ajin farko suna da 80, ka ga 98 kenan, sun riga sun haura rabi. Waɗanda ba su mallaki komai ba kuwa, duk yawansu, rukuni ɗaya aka cusa su. Daga sama ake fara jefawa kuma da an samu rinjaye ake tsayawa, don haka sau da yawa layi ba ya ma zuwa kan na ƙasa. A ɗaya taron an raba jama'a gunduma 35, huɗu kacal na cikin birni, kuma dole sai ka zo Rum da ƙafarka ka jefa, manomin da ke tafiyar kwana uku ba zai bar gonarsa ba. Ba a fara ƙuri'ar sirri ba sai 139, kafin nan da baki kake faɗa ubangidanka yana ji. Muƙami kuma ba albashi, kai ne ma za ka kashe.

Folibiyus, wani Bagirke da ya zauna a Rum a ƙarni na biyu kafin miladiyya, ya ce tsarin gauraye ne, konsul kamar sarki, majalisa mulkin manya, taron jama'a mulkin talakawa, kowanne yana taka wa ɗaya birki. Masana tarihi da yawa na ƙarni na 20 suka ce wannan a takarda ne, a zahiri 'yan gidaje ƙalilan ne ke karɓa-karɓa, har ana kiran wanda ya zama konsul alhali ba wani kakansa da ya taɓa riƙe muƙami da sabon mutum, don abin ba kasafai yake faruwa ba. Daga shekarun 1980 wasu suka dawo suka ce a'a an rage wa jama'a daraja, in da ƙuri'arsu ba ta da amfani me zai sa manya su riƙa fitowa dandali suna lallashinsu, suna kashe dukiya a wasanni da cin hanci, har a riƙa yin dokokin hana sayen ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya. Abin da ɓangarorin suka yarda da shi dai, jama'a na iya cewa e ko a'a ne kawai, ba mai iya miƙewa daga cikin taro ya kawo ƙudiri ko ya gyara wanda aka kawo.

## Yadda shari'a ke gudana a zahiri

Babu 'yan sanda irin na yau a zamanin jamhuriya, babu lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara. Kai aka cuta, kai za ka jawo mutumin zuwa gaban fireto. Shi kuma fireto ba ya sauraron shaidu, aikinsa ya duba ko doka ta san irin wannan ƙarar, in ta san ta sai ya rubuta gajeren umarni ga wani mutum da ɓangarorin suka amince da shi, ba alƙalin gwamnati ba, wani mai mutunci ne kawai a gari, a ce masa in ta tabbata wane yana bin wane kaza ka ci shi, in ba ta tabbata ba ka sallame shi. In ka yi nasara ma karɓo haƙƙin naka yana wuyanka. Ka ga mara gata da ke ƙarar mai bayi ɗari yana da aiki a gabansa, shi ya sa kusan kowane ƙaramin mutum yake da ubangida da yake zuwa gaisarwa da safe.

Da farko kalmomin ƙarar ma haddace su ake yi, ka kuskure ɗaya ka faɗi. Malamin doka Gayus ya kawo labarin wani da aka sare masa kurangar inabi, ya zo ya ce an sare masa inabi, aka kori ƙarar don Allunan itatuwa suka ce. Abin da ya fitar da dokar Rum daga wannan ƙangin shi ne sanarwar fireto. Duk sabon fireto yana kafe allo a farkon shekara ya jera irin ƙararrakin da zai karɓa, ya ɗauki na wanda ya gada ya ƙara nasa, a haka doka ta riƙa sabuntuwa ba tare da an soke tsohuwar ba. Misali Allunan sun ce tarar cin mutunci tagulla 25 ce, da shekaru suka ja kuɗin ya zama ba komai, har aka ruwaito wani mai kuɗi Beratiyus yana yawo a titi bawansa na biye da jakar kuɗi, ya kwaɗa wa mutum mari ya ce a ƙirga masa 25. Sai masu muƙamin fireto suka bar tsayayyar tara suka koma a kimanta girman cin mutuncin. A wajajen 242 kuma aka ƙara fireto na biyu don shari'ar da ta shafi baƙi, kuma hulɗa da baƙin 'yan kasuwa ta taimaka wajen karɓar ciniki da haya da haɗin jari da aka ƙulla da yardar juna kawai, ba sai an kawo shaidu biyar da mai riƙe sikeli kamar yadda tsohuwar al'ada ta tanada wajen sayen gona ko bawa ko sa ba.

Masu kula da kasuwa su ma sun kafa tasu ƙa'idar: mai sayar da bawa ko dabba dole ya faɗi aibin da ke jikinsu, in ya ɓoye mai saye na da wata shida ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko shekara ɗaya ya nemi ragi.

Bayan fage kuma akwai malaman doka, ba alƙalai ba ne, mutane ne da ake zuwa wa da tambaya su ba da fatawa. Irin mas'alolin da suke tattaunawa: wanzami yana yi wa bawa aski kusa da inda ake wasan ƙwallo, ƙwallo ta bugi hannunsa aska ta yanke maƙogwaron bawan, wa zai biya, mai bugun ƙwallon, ko wanzamin da ya kafa kujera a wurin, ko kuwa laifin wanda ya miƙa wuyansa a irin wannan wuri ne? Daga irin wannan ƙwanƙwasar ne aka fitar da bambancin ganganci da sakaci da tsautsayi.

## Waɗanda dokar ta bari a waje

Duk abin da aka faɗa a sama na ɗan ƙasa ne, namiji, kuma mai gidan kansa. Muddin mahaifinka na da rai, ko kai konsul ne, a doka ba ka mallaki komai ba, nasa ne. Mace ba ta zaɓe ba a zaɓenta, kuma tana da waliyyi da ke sa hannu a manyan harkokinta, sai dai a ƙarshen jamhuriya yawancin matan aure dukiyarsu ba ta shiga hannun miji, suna gado, suna iya kashe aure, abin da matan Turai da yawa ba su samu ba sai ƙarni na 19.

Bawa kuwa kaya ne a idon doka, ba a karɓar shaidarsa sai an azabtar da shi. A shekara ta 61 miladiyya wani bawa ya kashe ubangidansa, babban jami'in birnin, aka zartar da dokar da ta ce a kashe duk bayin da ke gidan, su wajen 400, jama'ar gari suka fito suna bore amma sarki Nero ya jera sojoji a hanya aka wuce da su. A ɗaya gefen, bawan da ɗan ƙasa ya 'yanta bisa ƙa'ida shi ma ya zama ɗan ƙasa, abin da biranen Girka ba su saba yi ba.

Mutanen larduna su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Gwamna ya ci bashi ya yi kamfe, sai ya zo lardi ya fanshe, ga kuma 'yan kwangilar karɓar haraji da ke biyan gwamnati tun gaba su zo su tatsa da riba. An kafa kotun musamman ta ƙwato dukiyar da gwamnoni suka wawura a 149 kafin miladiyya, kuma a 70 kafin miladiyya shahararren lauya Sisero ya gurfanar da Beres tsohon gwamnan tsibirin Sisili har ya gudu kafin a gama shari'ar, amma masu yanke hukuncin sau da yawa 'yan ajin wanda ake tuhuma ne.

## Yadda jamhuriyar ta ci kanta

Bayan an gama da Kartaj, babbar abokiyar gabar Rum a Arewacin Afirka, a 146 kafin miladiyya, dukiya da bayi suka kwararo, manya suka mamaye filayen gwamnati, ƙananan manoman da ake ɗauka soja suka riƙa rasa gonaki. A 133 tiribun Tiberiyus Girakus ya kawo dokar cewa kada kowa ya riƙe fiye da kimanin hekta 125 na filin gwamnati, a raba sauran. Wani tiribun ɗin ya hau kujerar naƙi, Tiberiyus ya sa jama'a suka tsige shi, abin da ba a taɓa yi ba, sannan ya nemi tazarce. Su kuma sanatoci suka fito da kulake da ƙafafun benci suka kashe shi da magoya bayansa wajen 300 aka zuba gawarwakin a kogi. Kowane ɓangare ya ce ɗayan ne ya fara taka al'ada, kuma babu wata kotu da ke da hurumin raba gardamar.

Daga nan abin ya zama na sojoji. Janar Mariyus ya ɗauki marasa dukiya aikin soja a 107, kuma sojan da ba shi da gona janar ɗinsa yake kallo ya samar masa fili in ya yi ritaya, ba majalisa ba. Wani janar ɗin, Sulla, ya shigo Rum da rundunarsa a 88, daga baya ya riƙa kafe sunayen waɗanda za a kashe a ƙwace dukiyarsu. Juliyas Kaisar ya ƙetare kogin Rubikon, iyakar lardinsa, da sojoji ya nufi Rum a 49, aka naɗa shi dikteta na har abada a 44, sanatoci suka daddaɓa masa wuƙa ranar 15 ga Maris na shekarar. Magajinsa Oktabiyan ya gama da abokan hamayya a 31, a 27 aka ba shi sunan Agustus, kuma ya koyi darasi, bai kira kansa sarki ba, ya bar konsul da majalisa da zaɓe suna nan, shi dai ya riƙe lardunan da sojoji suke da ikon tiribun. Da ya mutu a 14 miladiyya aka mayar da zaɓen masu muƙami cikin majalisa.

Marubutan Rum na lokacin sun ɗora laifin a kan kwaɗayi da lalacewar tarbiyyar manya. Masana na zamani da yawa sun ce tsarin da aka yi wa birni ɗaya ne aka ɗora masa daula daga Sifen har Sham. Wasu kuma na ganin ba dole ba ne ya faɗi, yaƙin basasa ne ya kashe shi ba tsufa ba. Ga mutumin lardi dai canjin bai zama asara sosai ba, an sa wa gwamnoni albashi, akwai wanda ke sa musu ido, yaƙin basasa ya lafa. Ga talakan birni ƙuri'a ta tafi, rabon hatsi kyauta ga mutum wajen 200,000 ya zauna. Abin da ba a taɓa warwarewa ba shi ne wa zai gaji sarki, a shekara ta 69 miladiyya sarakuna huɗu aka yi, a 193 kuwa dogaran fada gwanjon kujerar suka yi.

## Doka a hannun sarakuna

Manyan malaman dokar da ake ji da su, Gayus da Fafiniyan da Ulfiyan da Faulus, duk a ƙarni na biyu da na uku miladiyya suka rayu, wasunsu ma manyan jami'an fada ne. A rubuce-rubucensu ne ake samun cewa hujja tana kan mai da'awa ba mai musu ba, ba a hukunta mutum kan abin da ya raya a zuciya, kuma gara mai laifi ya kuɓuta da a hukunta mara laifi. A wurin Ulfiyan ɗin dai aka samu cewa abin da sarki ya ga dama yana da ƙarfin doka. Ba su ga karo a nan ba, don fagensu gado ne da ciniki da jingina da aure, ba iyakance ikon fada ba. Shi Fafiniyan sarki Karakalla ne ya sa aka kashe shi, Ulfiyan kuma dogaran fada ne suka kashe shi.

Karakallan nan ne a 212 ya ba kusan duk wani ɗa a daular zama ɗan ƙasa. Wani sanata marubucin tarihi na zamanin ya ce don ya ƙara masu biyan harajin gado ne, wasu masana kuma na ganin akwai dalilin addini da na haɗa kan daula. Ko ma mene ne, a lokacin darajar zama ɗan ƙasa ta riga ta ragu, don doka ta raba mutane gida biyu, masu daraja da ƙasƙantattu, laifi ɗaya a kori na farko daga gari, na biyu a yi masa bulala ko a tura shi haƙar ma'adinai ko a jefa wa namun daji.

Jastiniyan, sarkin gabas daga 527 zuwa 565, shi ya sa kwamiti ƙarƙashin Tiriboniyan suka tace wannan tarin rubutu. A 533 suka fitar da kundin fatawoyin malamai mai littafi 50 da ƙaramin littafin ɗalibai, a 534 kuma gyararren kundin dokokin sarakuna. Kusan duk abin da aka sani na waɗancan malaman ta nan ya tsira.

## Ta ina abin ya shafe mu?

A ƙarshen ƙarni na 11 aka fara karantar da kundin Jastiniyan a Bolonya ta Italiya, daga can ya bazu jami'o'in Turai, ya zama ginshiƙin kundin dokokin Faransa na Nafoliyon na 1804 da na Jamus na 1900. Ingila ta bi tata hanyar, ta dogara da hukuncin da manyan kotuna suka yanke a baya. Shi ya sa Nijar da Chadi da suka gaji Faransa suka fi kusa da dokar Rum, Nijeriya da Gana da suka gaji Ingila suka fi nisa duk da Latin ɗin da ke bakin lauyoyinsu, Kamaru kuma tana ɗauke da duka biyun. Majalisar dattawa da ikon shugaban ƙasa na ƙin sa hannu a doka sun shigo Nijeriya a sigarsu ta yanzu ne da tsarin mulkin 1979 da aka kwaikwayo daga Amurka, su kuma Amurkawan da suka rubuta nasu sun karanta tarihin Rum sosai.

Akwai kuma tsohuwar muhawara kan ko fiƙihun Musulunci ya ari wani abu daga dokar Rum. Wasu Turawa masu nazarin gabas na ƙarni na 19 da na 20 sun ce e, suna nuna kamanni irin na mayar da kaya saboda aibi da ɗora hujja a kan mai da'awa, da kuma cewa Sham da Masar lardunan Rum ne kafin a ci su. Malaman Musulunci da wasu Turawan ma sun ce kamanni ba aro ba ne, waɗannan hukunce-hukuncen suna da nassinsu a hadisi, ba a fassara kundin Jastiniyan zuwa Larabci a zamanin limaman mazhabobi ba, sannan shahararriyar makarantar doka ta Beirut girgizar ƙasa ta rusa ta tun 551. Wasu kuma suka tsaya a tsakiya, suka ce in ma akwai tasiri to na al'adun kasuwannin yankin ne ba na littattafan Rum ba.

A aikace, mutumin Damagaram ko Maraɗi da ya je kotu kan gado ko aure ko rikicin gona galibi al'adarsa ake duba masa, wadda Musulunci ya riga ya ratsa, alƙali yana zaune da masana al'ada a gefensa, kamar yadda ɗan'uwansa na Katsina zai nufi kotun shari'ar Musulunci. Amma ranar da ya kama hayar shago da takarda, ko ya jinginar da gida a banki, ko ya sayi mota daga baya ya gano injin a fashe yake an ɓoye masa, alƙalin Nijar kundi zai buɗe ya nemo sashen ɓoyayyen aibi, wanda asalinsa ƙa'idar nan ce ta masu kula da kasuwar bayi da dabbobi a Rum, shi kuwa lauyan Katsina sai ya haɗa da dokar cinikin kaya irin ta Ingila da abin da kotun ɗaukaka ƙara ta taɓa cewa a shari'a mai kama da wannan.